Amsa ga ƙanwarmu da ke tsoron a ce ta yi arha

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Na saurari tambayar da ƙanwarmu ta turo jiya da daddare, inda take cewa akwai wani abokin aikinta da ta daɗe tana lura da natsuwarsa da riƙon addininsa, tana sha'awar aurensa, amma tana tsoron idan ta furta a ce ta yi arha. Na kuma ga wasu sun rubuta mata cewa wannan ba ɗabi'ar 'yar Musulmi ba ce, kuma wannan maganar ce ta hana ni yin shiru.

Ƙanwata, uwarmu Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, ita ce ta fara nuna so. Ta ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dukiyarta ya tafi fatauci Sham tare da yaronta Maisara, da suka dawo ta ji labarin gaskiyarsa da riƙon amanarsa, sai ta aiki ƙawarta Nafisa ta je ta ji ta bakinsa. A riwayar da ta fi shahara tana da shekara 40 shi yana da 25, kuma kafin nan manyan Ƙuraishawa sun nemi aurenta ta ƙi. A cikin Sahihul Bukhari ma akwai babi guda a kan mace ta gabatar da kanta ga mutumin kirki. A nan ne Anas ɗan Malik ya ba da labarin matar da ta zo ta gabatar da kanta ga Annabi, sai 'yar Anas ta ce lallai wannan mata ba ta da kunya, shi kuwa Anas ya amsa mata da cewa matar ta fi ta alheri. Wato abin da ake faɗa miki yau an faɗe shi tun a wancan zamani, kuma sahabi ne ya yi gyara.

Al'adarmu ta Hausa ce ta ɗora wa namiji zuwa zance da kai kuɗin na-gani-ina-so, ta bar wa mace kunya da kawaici. Ba na raina wannan, domin akwai kariya a cikinsa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda wasu samari, idan mace ta daure ta bayyana, suke ɗaukar hoton saƙonta su yi ta yawo da shi a tsakanin abokai, sannan a dawo a ɗora mata laifi, alhali shi ne ya ci amana.

Saboda haka kada ki rubuta masa komai a waya. Ki fara bincike a kan halinsa da gidansu, da kuma ko an riga an yi masa baiko. Idan hankalinki ya kwanta, ki sami yayanki ko gwaggonki, ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, a yi masa maganar cikin hikima kamar yadda Nafisa ta yi. In ya amince, sai ya bi ta hannun waliyyinki kamar kowane manemi, sadakinki da darajarki na nan yadda suke. In kuma ya ce a'a, zai yi miki ciwo na ɗan lokaci, amma magana ta tsaya tsakanin mutum uku. Ki kira ni gobe bayan la'asar, mu duba wanda ya fi dacewa a tura.