Amsar Tambayarka a Kan Silimar Palace da Kunyar Zuwa Kallo

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kana lafiya. Ka tambayi abin da ya sa a da ɗan mutunci a birnin Kano ba ya son a gan shi a ƙofar silima, mata kuwa ko kusa. Wannan kunya tana da tushe, kuma tushenta yana Jakara.

Turawa sun fara kawo majigi, motar gwamnati mai haska hotunan tsafta da noma a fili, kyauta, kowa ya kalla har da hakimai. Silimar kuɗi daban ce. Rex ce ta fara tsayuwa a 1937, 'yan Labanan suka gina ta a wajen ganuwa, ɓangaren Sabon Gari inda gidajen giya suke. Tun daga nan sunanta ya ɓaci, har tsofaffi na ce mata dodon bango. Sai ranar Lahadi 13 ga Mayu, 1951, wata silima mai suna El Duniya ta kama da wuta, mutum 331 suka rasu. Fim ɗin lokacin da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda in ya kama ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Daga ɗakin inji wutar ta tashi ta bi rufi. Mutanen gari suka ce ishara ce daga Allah.

Ba a gama jimamin wannan ba, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Palace a Jakara, dab da Kasuwar Kurmi. Abin da ake jin labarinsa a waje ya shigo cikin ganuwa. Malamai suka ƙi, samari suka riƙa jefa duwatsu ta saman katanga a kan masu kallo, don Palace ba ta da rufi.

Rashin rufin nan shi ya tsara komai. Hoto ba ya fitowa a bango sai duhu ya yi sosai, don haka kallo na dare ne, a tashi tsakar dare. Yarinyar da ta fita a wannan lokaci ta zauna cikin maza a duhu, gobe maganar aurenta ta lalace. Shi ya sa gidan ya zama na samari, 'yan kaɗan ɗin matan da ke shiga kuma aka yi musu shaidar banza. A ganina iyayenmu sun yi daidai da suka tsare 'ya'yansu mata, amma an zalunci ma'aikatan gidan da aka haɗa su da 'yan iska, domin aikinsu sana'a ce ta ƙwararru.

Duba ɗakin ofareta, wato mai sarrafa injin haska fim. Fim mai faɗin milimita 35 ne, hoto 24 ke wucewa duk daƙiƙa. Naɗi ɗaya ƙafa 2,000, kimanin minti 20, ka ga fim ɗin Indiya na awa uku ya kai naɗi takwas ko tara. Inji biyu ake girkewa. In naɗi ya kusa ƙarewa, ɗigo yakan bayyana a kusurwar sama ta dama, sai ofareta ya tayar da inji na biyu. Ɗigo na biyu na fitowa ya juya haske da sauti. Ya makara da daƙiƙa ɗaya, bango ya yi fari, ihu da fito su cika gidan. Hasken kuma daga sandunan kabon biyu yake, wuta na tsalle a tsakaninsu suna cinyewa. In tazararsu ta yi yawa hoto ya dushe, dole idonsa na kansu yana matso da su. Tsohon fim da ya zaga garuruwa, ramukan gefensa sun yage, shi ke tsinkewa. A kankare bakin biyu, a shafa gam, a manne. In ya maƙale a gaban fitila kuwa, kana kallo hoton zai kumbura ya narke.

Kaset ɗin bidiyo ne ya kwashe jama'a, ya kai kallon har cikin ɗakunan matan da aka hana fita. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 da kafa hukumar tace finafinai ta jiha a 2001, dokoki suka ƙara tsauri, gidajen suka yi ta rufewa.

In ka bi ta Jakara, nemi dattawan bakin Kurmi su nuna maka wurin. Ka gaida mahaifiyarka.