Firintar lafiya lau take, adireshinta ne ke yawo

Ɗana, ka ce firintar shagon buga takardun nan na Mabera tana ɓacewa daga kwamfutoci duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, kana tambaya ko DNS, tsarin da ke mayar da suna lambar adireshi, za ka taɓa. Bar DNS tukuna, kuma kada ka bari mai shagon ya kashe kuɗi kan sabuwar firinta. Aikin DHCP ne wannan, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi.

Duk na'urar da ta hau layi, waya ce ko kwamfuta, sai ta yi shela tana neman adireshi. Rauta, akwatin da ke raba intanet, ta yi mata tayi, na'urar ta ce ta karɓa, rauta ta tabbatar. Saƙo huɗu ke nan. To amma aro ake ba ta, da wa'adi, wata rautar awa 2, wata awa 24, kuma da rabin wa'adin ya cika na'urar kan koma neman ƙari. Ƙananan rautocin da muke sa wa mutane da yawansu suna manta wanda suka ba me da zarar wuta ta yanke. Idan aka tada janareta, wayar wani ɗalibi da ya zo buga aikinsa sai ta riga firinta tashi ta ɗauke 192.168.1.101, firinta ta samu 105, kwamfutoci kuwa suna can suna ta aika takarda gidan da ta bari.

Shiga shafin rautar ka taƙaita abin da take rabawa, lambar ƙarshe ta adireshin ta zama daga 100 zuwa 199. Ƙasa da 100 na kayan da ba sa motsi ne: rauta a 1, firinta a 20, akwatin kyamarori a 30. Ka duba takardar da ke manne a bayan firintar, za ka ga lambar MAC, wato lambar shaidar na'urar, haruffa da lambobi 12. Da ita za ka ɗaure mata 192.168.1.20 a cikin rautar. Wasu sun fi son shiga firintar su rubuta da hannu. Hakan ma yana yi, sai dai ni na fi son komai ya zauna wuri guda, don wanda zai zo bayanka ya gani. In rautar ta ƙi ɗaure lambar da ke wajen waɗanda take rabawa, to sai ka rubuta da hannun.

Sannan ka leƙa ƙarƙashin tebur. Sau da yawa akwai akwatin kamfanin sadarwa, an kuma jona wata rautar TP-Link don Wi-Fi ya kai ɗakin baya, kowanne yana raba adireshi, kamar sarkin kasuwa biyu suna raba rumfa ɗaya. Kashe DHCP na ta biyun, ka ba ta lamba 2, ka soka kebul ɗin a ramin LAN. Idan ka buga umarnin ipconfig /all a kwamfuta ka ga adireshi ya fara da 169.254, babu wanda ya amsa shelar ke nan, sai ka bi kebul da siwic, akwatin da ke haɗa kebul ɗin na'urori.

DNS kuwa suna yake mayarwa lamba. Gane laifinsa ba wuya: in ka gwada layi da umarnin ping 8.8.8.8 ya amsa amma shafi ya ƙi buɗewa, sai ka tabbatar da nslookup, umarnin da ke tambayar DNS lambar suna. Inda yaran aiki ke faɗawa shi ne su raba wa kwamfutoci 8.8.8.8 na Google kai tsaye, sannan su yi mamakin sunan da suka raɗa wa firinta ba ya aiki. Ina Google ya san firintar Mabera? In rauta irin MikroTik ce, ka ba kwamfutoci 192.168.1.1 a matsayin DNS, ita rautar ka nuna mata 8.8.8.8 da 1.1.1.1, ka rubuta sunan cikin gida kamar firinta.home.arpa. Kada ka ƙare shi da .local, na'urori suna amfani da wannan don gano juna da kansu.

Ka je gobe da sassafe kafin masu buga takardu su cika shagon. In ka gama, gyara adireshin firintar a kowace kwamfuta, kashe komai daga soket, ka kunna, ka buga shafi ɗaya daga kowacce a gaban mai shagon. Lambobin kuma ka rubuta a takarda ka manna a jikin rautar, ka turo mini hotonta.