Idan Kuɗina na Kirifto Suka Salwanta, Wa Zai Biya Ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sayar da kayan waya ne a kasuwar Wuse, Abuja. A shekarar 2021 wani banki ya rufe mini asusu saboda na sayi kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet, kuma na sha wahala kafin aka sakar mini kuɗina. Yanzu na ji an ce gwamnati ta amince da harkar. Shin idan na sake zuba jari kuɗin suka salwanta, akwai hukumar da za ta biya ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya same ka ya biyo bayan umarnin da Babban Bankin Najeriya ya bayar a watan Fabrairun 2021, wanda ya hana bankuna hulɗa da masu wannan ciniki. An janye umarnin a watan Disambar 2023, sannan a watan Maris na 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari, wadda ta miƙa kula da harkar ga hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari. Don haka abin da ka ji gaskiya ne.

Sai dai ina roƙon ka ka lura da kyau, domin a nan ne mutane da yawa suke tafka asara. Aikin hukumar shi ne ta yi wa kamfani rajista, ta binciki littattafansa, ta hukunta shi idan ya ci amanar jama'a, amma ba ta da iko a kan farashi. Idan farashin Bitcoin, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ya faɗi cikin dare ɗaya, asarar taka ce kai kaɗai, kuma inshorar da hukumar NDIC take yi wa ajiyar banki ba ta shafi kirifto ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kamfanonin da ba su da rajista. Lokacin da wani kamfanin cinikin kirifto mai suna CBEX ya rushe a watan Afrilun 2025, bayan ya yi wa mutane alkawarin ninka musu kuɗi cikin wata guda, hukumar SEC ta bayyana cewa ba ta taɓa yi masa rajista ba. Sabuwar dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu irin wannan damfara, amma ɗaure ɗan damfara ba ya dawo da jarin ɗan kasuwa.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi sunan kamfanin a shafin hukumar na intanet, ka adana shaidar kowane ciniki, kuma kada ka taɓa uwar kuɗin shagonka.