Amsa ga Hajiya kan sammacin giya da aka rubuta da kuskure

Hajiya, kin ce 'yan sanda a Pennsylvania sun ba ɗanki mai shekara 19 takardar sammaci a wani biki da ake shan giya, sun ɓata rubutun sunansa, sun kuma juya rana da wata a ranar haihuwarsa. Kina tambaya ko wannan zai sa a kori ƙarar.

Kada ki sa rai da haka. Na sha raka yaranmu kotu a nan, kuma irin wannan kuskuren alƙali yakan bari a gyara shi a gaban kowa, ɗan sandan ya ja layi da biro ya rubuta daidai, shari'a ta ci gaba. Juya rana da wata ma ya zama ruwan dare, tunda su Amurkawa wata suke fara rubutawa. Kuskuren da ke da nauyi shi ne wanda ya taɓa zuciyar zargin: wani mutum daban aka rubuta, ko sashen doka da bai dace ba, ko yaron ya riga ya kai shekara 21, shekarun da doka ta yarda mutum ya sha giya.

Abin da ya fi damuna, don Allah kada ya biya tarar don ya huta. Biya daidai yake da amsa laifi, kuma zai zauna a tarihinsa. Kwana 10 yake da su ya mayar da amsa, ya ce bai amsa laifi ba, a sa masa rana. Ki zaunar da shi ya faɗa miki gaskiya, ya sha ko bai sha ba? An gan shi riƙe da kwalba? Doka ta hana wanda bai kai 21 ba sayen giya, sha, riƙewa da ɗaukarta zuwa wani wuri, zama a ɗakin kawai ba laifi ba ne, kuma 'yan sanda ne za su kawo hujja. Nan ƙarfinsa yake.

In kuwa ya sha, ya tambaya ko akwai shirin darasi da hidimar al'umma na masu laifin farko, sau da yawa ana janye ƙarar bayan an kammala. Tarar farko tana iya kaiwa dala 500, kuma in ya cika 21 yana iya neman a goge masa ita daga tarihi.

In da bizar karatu yake, lallai ya ga lauya kafin ya sa hannu a kan komai. Ya fara duba jami'arsu, wasu suna da lauyan ɗalibai kyauta.