Tambayi Anti: Tausar da Hajiya ke yi ma jaririna tana ba ni tsoro

TAMBAYA: Salam Anti, ya aiki ya sanyi. Ni haihuwar fari ce, yau kwananmu 26, na zo wankan gida nan Rafindadi. Kullum in Hajiyarmu ta gama yi ma yaron wanka sai ta ɗora shi bisa ƙafafunta ta lakato man kaɗe ta murje shi tas, ta lanƙwasa hannuwanshi ta baya, wani lokacin har ta kama ƙafafun ta zazzago kanshi ƙasa wai don kar ya tashi matsoraci. Wlh gabana faɗuwa yake. Ga shi da kukan dare yana ta murɗe-murɗe. Shin tausar nan na da amfani ne ko in hana, kuma ta ya zan hana ba ta ce na raina ta ba?
Mai jego, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, barka da arziki, Allah ya raya mana. Kar ki hana, don a maganar tausa Hajiya na da gaskiya, hannun ne kawai za a sassauta.

Jariri wata tara yana dunƙule a ciki, taɓi ne abin da ya fara sani tun kafin ya iya gane fuska, shi ya sa in aka shafa shi a hankali za ki ga jikinshi ya saki, kuka ya ragu, barci ya zo. Likitoci ma sun gwada. A 1986 a Miyami ta Amurka an yi bincike kan bakwaini, ana masu tausa ta minti 15 sau uku a rana har kwana 10, sai ga shi sun fi waɗanda ba a yi mawa ƙara nauyi da kashi 47 cikin ɗari, har an riga sallamarsu da wajen kwana 6. Kin ga abin da kakanninmu ke yi kan tabarma ba da wasa suke ba.

Kukan daren nan sau da yawa iska ce ta cika mai ciki. Ki ɗumama man a tafinki, ki fara daga ƙasan cikinshi ɓangaren damanshi ki hau sama, ki gitta ta ƙarƙashin haƙarƙari ki sauko ta hagu, kamar yadda hannun agogo ke juyawa, don ta nan babban hanji ya bi, in kika yi baibai kin maida ma iskar hanya baya. Sai ki naɗe gwiwoyinshi zuwa ciki ki saki, ki yi mai kamar yana tuƙa keke. In kin ji ya saki tusa to magani ya ci. Amma ba yana cire baki daga nono ba, ki bari kamar minti 45, in ba haka ba tumbuɗi zai wanke ki. Kuma da wannan hunturun namu na Katsina a rufe taga, a bar mai zani a sashen da ba a kai ba.

Man kaɗe mai kyau ko man kwakwa sun isa. Banda man zafi, banda mai kafur ko turare, fatarshi ba irin tamu ba ce kuma yana shaƙa.

Zazzago kai da cilla shi sama kam a bari, wuyanshi bai riƙe kai ba tukuna, jijjiga na iya taɓa ƙwaƙwalwa, ga hannu da santsin mai, tsautsayi ba ya sallama. Haka ba a danna maɗiga, ba a murza inda aka yi allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a damtse, kuma don Allah kar wata ta matse mai nono wai tana fidda ruwa, da kanshi yake saɓewa, matsar ce ke jawo ƙurji. Ranar da jikinshi ya yi zafi, ko idonshi ya yi ɗorawa, ko ya ƙi kama nono, a aje mai a tafi asibiti.

Ke ma ki karɓa ki rinƙa yi da hannunki. Masu haihuwar fari da yawa tsoron jaririnsu suke, wata ga damuwa bayan haihuwa ta rasa wa za ta gaya mawa, to zaman nan da kike kallonshi yana kallonki yana kwantar da hankali, ruwan nono ma ya fi saukowa in hankali a kwance yake. In babanshi ya zo duba ku da yamma miƙa mai ya murza 'yan tafin ƙafar, ya bar tsayawa zaure yana leƙe kamar baƙo.

Ita kuma Hajiya kar ki ce mata "an hana", nan za a ɓata, ta raini bakwai ko takwas ke kin zo da ɗaya. Ki ce "Hajiya koya mani yadda kike yi kafin in koma ɗakina", ki zauna gabanta yaron na cinyarki tana nuna maki, in an zo wajen zazzagon ki ce ke zuciyarki ba ta iya ɗauka, za ta yi maki dariyar ɗan fari ta ƙyale ki. Ranar awo kuma ku tafi tare ta ji daga bakin nas.