Filin Amsoshinku: Yaranmu sun iya ƙwallo, amma kullum mu ake ci

TAMBAYA: Ina horar da matasan unguwarmu ƙwallon ƙafa. Kowa ya iya yanka, amma kulob ɗin da ba su kama ƙafarmu ba sai su lallasa mu. Ina gizo ke saƙa? — Mai karatu daga Gusau.

AMSA: Malam koci, yi wannan lissafin: raba minti 90 ga 'yan wasa 22, kowa minti huɗu da 'yan daƙiƙu kawai zai samu da ƙwallo, ballantana an cire lokacin da take waje. Ragowar mintunan a nan ake cin wasa: wa ya buɗe fili, wa ya rufe gurbin ɗan bayan da ya hau gaba. Yaranka mintuna huɗun kawai suka iya.

Ka shata fili mita 10 kowane ɓangare. Biyar a gefe suna ba juna ƙwallo, biyu a tsakiya suna neman ƙwacewa, kuma kada kowa ya taɓa ƙwallo fiye da sau biyu. Wanda aka ƙwace a ƙafarsa ya shiga tsakiya. Minti 15 ya isa. Mai riƙon ƙwallo zai yi ta shan tsakiya har ya koyi ɗaga kai kafin ta iso shi, ba sai ka yi masa faɗa ba. Daga nan shida-shida, ba a ƙirga ci sai an yi fasin biyar a jere.

Inda aka fi shiga uku shi ne daidai lokacin da ƙwallo ta kuɓuce. Na kusa ya matsa wa mai ita, saura su koma baya a guje. Kuma a riƙa magana: "bayanka!", "juya!". Dubi Girka: ta ɗauki kofin Turai a 2004 ba da fitattun taurari ba, sai da wasan haɗin kai. Faransa, Czech da Portugal duk 1-0 ta ci su, na ƙarshen ma da ka aka zura daga bugun kwana.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 11 ba ya shiga mutane. Ƙwallo za ta taimaka? — Uwa daga Maraɗi.

AMSA: Ƙwarai kuwa, Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na minti 60 kullum, ga shi a filin ƙwallo dole ya kira abokin wasa da suna, ya jira layinsa, ya haɗiye shan kashi. Sai dai ki nema masa sa'o'insa, a wajen kocin da ba ya zagi, kuma da yamma in rana ta yi sanyi, da gorar ruwansa a hannu.