Bai taɓa dukanta ba amma an kama shi a Ingila

Tambaya: Salam Barista. Ƙanina ne a Manchester ƴansanda suka kama, matarsa ta kai ƙara wai yana danne ta, ya riƙe mata fasfo da katin banki yana kuma bincikar wayarta. Wallahi bai taɓa ɗaga mata hannu ba. An ba da belinsa, mu kuma muna shirin zuwa wajen iyayenta a nan Kano su sa ta janye. Ya za mu yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya kawo mafita. Tafiyar nan gidan surukai dan Allah ku dakatar da ita tukuna. Galibi sharaɗin beli a irin wannan shari'a shi ne kar ya tuntuɓe ta, ko da kansa ko ta bakin wani, to in babanta ya buga mata waya yana cewa ki rufa mana asiri, ita kuma ta nuna wa ɗansanda, za a ce shi ya turo ku, a sake kama shi, har ma a iya ƙara masa tuhumar matsa wa shaida lamba wadda ita ma laifi ce mai zaman kanta. Kuma ko ta janye ba lallai maganar ta mutu ba, don can ofishin masu gabatar da ƙara na CPS ne ke yanke a ci gaba ko a bari.

Batun bai dake ta ba kuwa, dokar ba duka take nema ba. Laifin danne abokin zama da takura masa yana cikin Sashe na 76 na dokar manyan laifuka ta 2015 ne, ya fara aiki 29 ga Disamba 2015 a Ingila da Wales, hukuncinsa yana kaiwa shekara 5 a gidan yari. Sai masu gabatar da ƙara sun tabbatar cewa abin ya yi ta maimaituwa, ba rigimar rana ɗaya ba ce, sannan ya yi mata mummunan tasiri, wato ko ta ji tsoron duka aƙalla sau 2, ko damuwar ta kai ta dagula mata rayuwar yau da kullum, kamar ta bar aiki ko ta daina fita, sannan ya sani ko ya kamata ya san hakan. A nan lauyansa zai yi aiki. In ta ce ya hana ta kuɗi sai ga takardar banki albashinta na shiga asusunta tana kashewa, in ta ce ya raba ta da ƴan uwa sai ga tikitin jirgin da ya saya mata ta zo gida. Saboda haka kar ya goge komai a WhatsApp, ko saƙon da yake jin kunyarsa, gogewar ta fi saƙon muni a idon alkali.

Akwai kariya guda a cikin sashen, cewa ya yi abin ne yana ganin maslaharta kuma abin ya dace da hankali, misali mai jinyar matar da ba ta da lafiya yana riƙe mata magani. Amma ba ta aiki in zargin na tsoron duka ne. "Haka al'adarmu take" ko "ni ne mijinta" kuwa ba kariya ba ce ko kaɗan.

Sannan gaskiya Hajiya, ku kuna Kano ba ku san me ke faruwa a ɗakin ba. In da gaske fasfonta na kulle a jakarsa ya hana ta, wannan na cikin abubuwan da masu gabatar da ƙara ke kafa hujja da su, ya faɗa wa lauyansa komai tsakani da Allah, kuma ta hannun lauyan za a mayar mata. Kar ya ƙara zama gaban ƴansanda ba lauya, a caji ofis kyauta ake ba da shi. Ya kuma nemi masanin dokar shige da fice tun yanzu in ba shi da fasfon ƙasar, don ɗaurin wata 12 ko fiye yana jawo a koro mutum gida.